Shekarar da Na Ƙi Yaga Takarda

Auwalu, Zainab, da ke Ummi, na san abin da ake faɗa a kaina a dangin babanku. An ce ina da riƙo, an ce aikin asibiti ya busar mini da zuciya, an ce har Baffanku Sani ya yi ciwon ajalinsa ban taka na duba shi ba. Wannan na ƙarshe gaskiya ne. Akwai kuma abin da aka gaya muku kuna ƙanana, wai na tafi kwas Zariya na wata uku, shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula. Ban je ko'ina ba. Ina nan Kakuri a wani ɗakin haya bayan tashar mota, da takardar saki a jakata. Cikin waɗanda suka san yadda aka yi ni kaɗai na rage, kuma idona ya fara rauni, don haka gara in rubuta muku yanzu.

A lokacin ni nas ce a ɗakin shan magani na ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Ku kangon gine-ginen kawai kuka sani. Mu mun ga lokacin da in jiniya ta yi kuka, titi yake cika da kekuna har mota ta rasa hanya, kowa ya fito da burbushin auduga a gashin gira. Mu biyu ne a ɗakin, ni da Sista Rifkatu, mutuniyar kudancin jiha, wadda ta girme ni a shekaru da aiki. Yawancin abin da muke gani yankan inji ne, da tari, da zazzaɓi. Shekarar kuwa kowa bakinsa siyasa, har masu sayar da ƙosai a bakin ƙofa cewa suke yanzu talaka zai yi magana a ji. A gidanmu murnar ta fi ta kowa, domin Sani, ƙanen babanku, wanda yake sufabaiza a wannan masaƙa, ya ci zaɓen kansila ana jiran rantsarwa. Gidan kakarku Inna a Unguwar Sanusi kullum cike da masu zuwa taya murna. Ina so ku sani cewa ni ban tsani Sani ba. Da aka kawo ni gidan yana makarantar sakandare, ni nake wanke masa kayan makaranta, ni nake ɓoye masa ƙanzo. Anti yake ce mini, kuma har zuciyata nake amsawa.

Wata safiya cikin damina wata ma'aikaciya ta shigo. Zan kira ta Hindatu, ba sunanta ke nan ba. Tana sashen duba yadi, bazawara ce mai ɗa ɗaya, tana zaune da yayarta a Makera. Ta tsaya a bakin ƙofa ta tambayi inda Sista Rifkatu take. Na ce tana hutu sai mako mai zuwa. Ta juya za ta tafi, sai na ga yadda take ɗaga ƙafa, na ce ta dawo ta zauna. Ta ce zazzaɓi ne. Na kama hannunta zan auna, mayafin ya zame, na ga sawun yatsu a wuyan hannayenta biyu, ya yi baƙi ya fara komawa ruwan ɗorawa. Na tashi na rufe ƙofa. Sannan ta fara magana tana kallon ƙasa. Kwana biyar da suka wuce, lokacin canjin aiki da yamma, an aike ta sito ta karɓo almakashi. Wanda ya aike ta ya biyo ta, ya sa sakata ta ciki, ya yi mata fyaɗe a kan dilar yadi. Ta yi ihu, amma a masaƙa ko mutum yana kusa da kai sai ka yi masa magana da hannu saboda ƙarar injuna.

Na ce, "Wane ne?"

Ta ce, "Shi ya sa na nemi Sista Rifkatu."

"Faɗa mini. Ba inda maganar za ta je sai da yardarki."

Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ƙanen mijinki ne, Sista."

Zan faɗa muku abin da ya fara fita daga bakina, duk da ba wanda ya ji sai ni da ita. Na ce, "Kin tabbata?" Mace ta zauna a gabana da rauni a jikinta, ta yi wata shida tana aiki a ƙarƙashin mutumin, ni kuma ina tambayarta ko ta gane shi. Ta fara gyara mayafinta za ta tashi. Kunyar da ta kama ni a lokacin ita ta sa na riƙe ta na ba ta haƙuri, na duba ta yadda ya kamata. Ta riga ta yi wanka ba adadi, ta ƙona zanen da ta sa ranar, kuma lokacin maganin hana ɗaukar ciki ya wuce. Na wanke mata ciwon, na yi mata allura, na ɗauko littafin rajista na rubuta duk abin da na gani da abin da ta faɗa, har da sunan mutumin, na sa hannu.

Na tambaye ta abin da take so a yi. Ta ce ita dai a canja mata sashe, kada ta ƙara ganinsa. Ni ce na ce wannan bai isa ba. Ni ce na ce mata zamani ya canja, yanzu akwai doka, in ta yi shiru gobe wata zai yi wa. Ku riƙe wannan, domin daga baya mutane sun ce ita ta tayar da fitina. Ba ita ba ce. Na ɗauki kwana biyu ina lallashinta kafin ta yarda. Na je har gida na taso Rifkatu daga hutunta, muka kai ta babban asibiti likita ya rubuta takarda, daga nan muka wuce caji ofis. Ɗan sandan da muka samu a kan kantar karɓar ƙara bai ko shigar da mu ciki ba. A gaban masu jiran belin 'yan'uwansu ya riƙa tambayarta da ƙarfi.

"Ke budurwa ce ko bazawara?"

Ta ce bazawara.

Ya ajiye biro ya yi dariya ya ce, "To, Madam, me ya ɓata a nan?"

Rifkatu ta buga kantar da tafin hannu ta ce ya rubuta ko ta nemi babbansu. Ya rubuta. Da ya ji sunan wanda ake ƙara kuwa, sai ya daina dariya, ya ce mu je za a neme mu.

Kafin a neme mu, labari ya riga mu isa Unguwar Sanusi. Ranar Lahadi bayan la'asar Inna ta aiko a kira ni. Na tarar da ita a tsakar gida kan tabarma, babanku a gefe ya sunkuyar da kai, Sani a kan kujera da sabuwar hula. Na durƙusa na gaishe ta, ba ta amsa ba.

Ta ce, "Asabe, shekara nawa kina cin tuwon gidan nan?"

Na ce, "Sha huɗu, Inna."

"Cikin sha huɗun nan na taɓa zaginki? Na taɓa hana ki aikinki, lokacin da kowa yake cewa matar aure ba ta kwana asibiti?"

"A'a, Inna."

"To me na yi miki da za ki ɗauki ɗana ki kai wa 'yan sanda, saura kwana kaɗan a rantsar da shi?"

Sani ya karɓe ya ce, "Anti, wallahi sharri ne. Waɗanda na kayar ne suka saye ta. Yarinyar nan kowa ya san ta a masaƙa, ita take bina. Ke da kika raine ni, ke za ki yarda da wannan?"

Na dube shi. A gefen wuyansa, ƙasan kunne, akwai sawun farce guda uku da suka fara warkewa. Hindatu ta gaya mini inda ta yakushe shi tun ranar farko, kuma yana cikin littafin. Na ce masa me ya same shi a wuya. Ya ce inji ne. Babanku ya ɗago ya kalli wurin, ya mayar da kansa ƙasa. Daga nan na san shi ma ya sani.

Abin da suke so ba shi da yawa, in ji Inna. In yage shafin nan daga littafin, in 'yan sanda suka tambaye ni in ce zazzaɓi ya kawo ta. Takardar likita an riga an san yadda za a yi da ita, tawa ce ta rage, domin ni ce surukar gida, maganata ta fi ta kowa nauyi. Ta ce za a nema wa yarinyar wani aikin, za a kyautata mata, kowa ya rufa wa kowa asiri. Muryarta ta yi laushi har ta kira ni 'yata. Ina durƙushe ina tunaninku. Ummi, ke lokacin ko yaye ki ban daɗe da yi ba. Na so in ce to, Allah ya sani na so. Amma na tuna cewa matar nan ba ta nemi zuwa caji ofis ba, ni na ja ta, in na janye ita kaɗai za a bari a tsakiyar kasuwa.

Na ce, "Inna, ki yafe mini. Abin da idona ya gani na rubuta. Ba zan iya yagewa ba."

Ta juya wajen babanku ta ce, "Idi, ka ji. Ko ni ko ita."

Bai sake ni a ranar ba. Ya yi kwana huɗu ba ya cin abinci sosai. Ran na biyar da safe, ina shirin fita aiki, ya miƙo mini takarda a ninke, idonsa jawur.

Ya ce, "Saki ɗaya ne. Na san Sani, Asabe, na san abin da zai iya. Amma uwata ta ce za ta ɗaga mini nono, ni kuwa ba zan iya ɗaukar wannan ba."

Kada ku zarge shi fiye da kima. Mutumin kirki ne wanda bai taɓa iya cewa a'a a gaban Inna ba. Iyayena suna Funtuwa, in na tafi can aikina ya tafi, don haka Rifkatu ta samo mini ɗaki kusa da nata. Ku kuma aka kwashe ku zuwa gidan Inna aka ce na tafi kwas. Nakan tsaya a bakin shagon wani tela in hango ku kuna dawowa daga makaranta. Wata rana, Zainab, kin wuce da kitsonki a tsefe rabi, ba wanda ya ƙarasa miki, na koma ɗaki na kasa cin komai.

Duk wannan da a ce ya sayo wa Hindatu gaskiyarta, da na ce ya yi. Bai sayo ba. Muka yi ta zarya caji ofis, yau a ce mai fayil ɗin ya fita, gobe a ce an canja masa wurin aiki, daga baya aka ce fayil ɗin ma ba a gan shi ba. Littafin rajistarmu wani daga ofishin manaja ya zo ya karɓa, wai za a duba, bai dawo ba har aka rufe masaƙar. Ashe ba sai na yaga ba. Aka rantsar da Sani, aka yi kiɗa a ƙofar gidan Inna. Ita kuwa Hindatu, sunanta ya shiga bakin kowa. In ta shigo sashe maza su fara tari, wani ya ce wa wani a kawo masa almakashi, a kwashe da dariya. Tsohon mijinta ya zo ya ɗauke ɗansa, ya ce ba zai bar shi a hannun mace irin wannan ba. Cikin ikon Allah ba ta ɗauki ciki ba, wannan kaɗai aka tsira da shi. Wata biyu bayan nan aka rage ma'aikata, sunanta na farko a jerin. Na je Makera nemanta, yayarta ta tare ni a zaure.

Ta ce, "Sista, kin yi iyakar yinki, mun gani. Yanzu ki bar mu haka. Ta tafi, kuma ta ce kada in faɗa miki inda take."

A cikin wannan zaman kaɗaici ne ni da Rifkatu muka fara taron Asabar. Ba wata ƙungiya ba ce, ba mu da suna, ba mu da kati. Wata shugabar makarantar firamare ta ba mu aron aji ɗaya, mu zauna a kan bencin yara gwiwoyinmu suna taɓa ƙirji. Rifkatu ta gayyato matan cocinsu, ni na bi gidajen Makera. Ranar farko mata bakwai suka zo, biyu sun ɗauka rigakafi ake yi. Abin da muke faɗa kaɗan ne, muna ta maimaita shi. In abin ya faru kada a yi wanka, kada a wanke tufafi, a zo asibiti kafin kwana uku. Kada a tambayi mace me ta sa ko me ya kai ta. A koya wa yara, maza da mata, cewa jikinsu nasu ne, in wani ya taɓa su inda bai dace ba su faɗa, ko da kawu ne ko malami, kuma in sun faɗa kada a doke su. Mafi yawan masu wannan aiki ba baƙi ba ne, mutanen da ake gaisawa da su ne kullum. Da na faɗi wannan na ƙarshe wata tsohuwa ta tashi ta ce mu ji tsoron Allah, muna so mu raba zumunci, ta fita. Mako na gaba ta dawo ta zauna a baya, ta jawo jikarta.

A hankali ajin ya cika har wasu suna leƙe ta taga. Ba wadda take cewa ni. Kowa sai ta ce wata ƙawata, wata maƙwabciyarmu, 'yar ƙanwata. In an tashi sai ka ga ɗaya ta tsaya tana gyara ɗaurin goyon da ba abin da ya same shi, har kowa ya watse, sannan ta matso. Na ji abubuwa a ajin nan da har yau ban gaya wa kowa ba. Wata mai shekara sittin ta faɗa mini abin da aka yi mata tana 'yar talla, ta ce ni ce mutum na farko da ya ji. Muna da magani, muna da kunne, amma in mace ta ce to yanzu ina zan kai ƙara, sai mu dubi juna ni da Rifkatu. Bayan Hindatu ban ƙara cewa kowa ta je caji ofis ba. Mun gwada maza. Muka roƙi shugabannin ƙungiyar ma'aikata su ba mu minti goma a taronsu, suka ba mu biyar, ana ta shewa, wani daga baya ya ce mu fara koya wa mata sa zane da kyau. Wani limami ya yi huɗuba a kai sau ɗaya, wani fasto ma haka, Allah ya saka musu. Daga wajen masaƙa kuwa, bayan takarda uku da muka rubuta, abin da muka samu shi ne an aiko kafinta ya cire sakatar cikin sito.

Ana saura kwana shida iddata ta cika babanku ya zo ɗakin. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo, ya ce ya mayar da ni, Inna ta sauko, da sharaɗin ba za a ƙara tayar da maganar a gida ba har abada. Na tambaye shi taron Asabar fa. Ya ce wannan tsakanina da Allah, shi bai sani ba. Na yarda, saboda ku. Wannan yardar ita ce ta fi sakin ciwo. Shekara da shekaru Sani yana zuwa gaisuwar Sallah, ina zuba masa abinci da hannuna, yana ce mini Anti. Zainab, kin yi fushi da ni sau da yawa don na hana ki zuwa hutu gidansa, kin ce na fi kowace uwa tsanani. Dalilin ke nan. Na iya tsare nawa. 'Yan aikin da suka yi ta shiga gidansa suna fita, da matan da suke zuwa ofishinsa neman taimako, ban san abin da ya same su ba, kuma ban tambaya ba, domin na yi alkawarin shiru.

Taron ma bai yi tsawon rai ba. Shekarar da ta biyo baya rikicin addinin nan ya ɓarke a gari, wanda kuka sani, mutane suka rabu kowa ya koma inda nasa suke. Matan da suke zama benci ɗaya suka koma ba mai iya taka unguwar wata. Rifkatu ta tashi zuwa Kamazou. Mun gwada sau biyu bayan an lafa, ran farko mata uku, ran na biyu ni da ita kaɗai muka zauna muka ci gyaɗa muka tashi. Kuma a cikin rikicin an yi wa mata abin da muke magana a kai, ta kowane ɓangare, ba a ƙirga su cikin asara ba. Daga baya masaƙun suka rufe ɗaya bayan ɗaya, na koma wani ƙaramin asibiti har na yi ritaya. Yanzu ina jin an buɗe wuraren da ake karɓar mata irin su Hindatu, da ɗaki na musamman da masu ba da shawara. Na yi murna. Amma jikata ta karanta mini abin da mutane suke rubutawa a waya in wata ta fito ta faɗi abin da aka yi mata, kuma kalmomin su ne dai na ɗan sandan nan na caji ofis.

Na sake ganin Hindatu sau ɗaya, bayan wajen shekara goma sha biyar. Bikin 'yar wata abokiyar aikina ne a Tudun Wada. Na zaga bayan gida neman ruwan alwala, na tarar da mata suna tuƙa tuwo a manyan tukwane. Ɗaya ta ɗago tana share gumi da gefen mayafi. Ta yi ƙiba, ta yi furfura a goshi, amma ita ce. Farin ciki ya kama ni, na buɗe baki zan kira sunanta. Ta ajiye muciya da sauri, ta ɗauki buta ta kamo hannuna kamar mai nuna wa baƙuwa hanya, ta kai ni lungun bayan ɗaki.

Ta ce, "Sista, kina lafiya? Yaran sun girma?"

Na ce sun girma. Na fara cewa na daɗe ina nemanta, ina so in roƙe ta gafara, ni na ja ta zuwa inda aka wulaƙanta ta.

Ta ce, "Ba na jin haushinki. Ke kaɗai kika rubuta. Amma ɗana na fari har yau bai zo inda nake ba, an gaya masa abin da aka gaya masa. Da na yi shiru, da ni na raine shi." Ta waiga ta dubi wajen tukwanen. "Na yi aure, ina da 'ya'ya uku. Mijina bai sani ba, danginsa ne waɗancan. Don Allah in mun fita, ba ki san ni ba."

Na ce to.

Ta zuba mini ruwa na yi alwala, tana riƙe da butar har na wanke ƙafa. Sannan ta koma ta ɗauki muciyarta. Da aka fito da abinci ita ta kawo kwanon ɓangarenmu, ta ajiye a gabana ta ce, "Sannu da zuwa, Hajiya," kamar yadda ta ce wa kowa. Na ce, "Yauwa, sannu da aiki."